Mai Rumfa a Kasuwar Barci

Rumfata tana Kasuwar Barci,
ni kuwa rabona da barci tun watan Sha'aban.
Ƙarfe biyun dare wuta kan kama ni,
ba daga murhu ba, daga ƙirji,
ta haura wuya, ta bi bayan kunne,
in farka zanina sharkaf kamar na tsallaka kogi da ƙafa.
Isuhu ya juya, ya ce, "Sun ɗauke wuta ne?"
Fanka na juyawa a kanmu.

Shekarata arba'in da bakwai.
Talatin da uku a ciki ina lissafi da wata,
ban taɓa ɓata ba:
ga ranar ajiye sallah, ga ranar wanka.
Yanzu baƙon nan ya zubar da kunya,
ya yi wata uku bai leƙo ba,
ya faɗo tsakiyar azumi,
ya ɗauke, na yi wanka, ya sake dawowa.
Na rasa wanne na yi, wanne zan rama.

Ran Laraba na auna wa wata mata yadi shida,
na tsaya da almakashi a hannu
ina neman sunan almakashi.
Na daka wa Ummita tsawa a kan murfin tukunya,
sannan na shige banɗaki, na buɗe famfo
don kada a ji kukana.

Mai kemis ya ce maleriya ce. Na sha.
Ya ce to taifod. Na sha.
Gwaggo Dije ta aiko da tazargade daga Rigasa,
ta ce a bincika, ko iska ce ta shafe ni.
Yayata ta ce, "Girma ne, sai haƙuri.
Iyayenmu wa ya ji bakinsu?"
Sai na tuna Inna tana fifita da faifai
cikin sanyin asuba, muna mata dariya.
Allah ya jiƙan Inna.
Ashe magana take yi, da faifai.

Rifkatu ce, wadda muka yi aikin masaƙa tare a Kakuri
kafin injuna su yi shiru,
ta zo daga Sabon Tasha sayen leshi,
ta ga ina share goshi da gefen mayafi,
ta ce, "Lantana, ke ma ya iso ki?"
Ta rubuta mini sunan likita a bayan rasit.

Na bi layi tun bakwai, kati a hannu,
masu ciki a dama, masu goyo a hagu,
ni ba na ɗauke da kowa sai kaina.
Likitar ba ta yi dariya ba.
Ta auna jini, ta duba nono,
ta tambayi ciwon da ya ɗauki matan gidanmu.
Ta ce wani sinadari ne jiki ke janyewa a hankali,
kamar kogin Kaduna bayan damina, duwatsu na fitowa.
Ana iya mayar da kaɗan, ba ga kowace mace ba,
kuma sai ana dawowa ana dubawa.

Kemis huɗu na shiga, daga Kawo har Barnawa.
Na biyar ya ce sai an aiko daga Legas.
Ya faɗi kuɗin, na juya shi da lissafin rumfa:
ribar turmi tara, kowane wata.
Na daɗe tsaye a bakin titi, masu Keke na mini hon.

Na saya.
Ban gaya wa Gwaggo ba.
Isuhu ya sa tabarau, ya bi takardar cikin kwalin har ƙasa,
bai gane rabinta ba, ya ce Allah ya sa a dace.

Sati na biyar ke nan.
Wutar ba ta mutu ba, ta dai koyi sallama.
Jiya kiran assalatu ne ya tashe ni,
na shafa matashi, na ji shi a bushe,
na sake shafawa.

Faifan Inna yana rumfa yanzu,
rasit ɗin Rifkatu yana ƙasan akwatin ciniki,
domin akwai mai sayar da zare a layinmu
da na gani tana ɗaga wuyan hijabi
tana hura iska ciki,
tana waige ko wani ya gan ta.